Yadda za ka auna jami'ar gida da ta waje kafin ka zaɓa wa yaro wurin karatu

Duk shekara idan sakamakon JAMB ya fito, gidaje da yawa a Sakkwato sukan shiga muhawara guda: a bar yaro ya nemi gurbi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Jami'ar Jihar Sakkwato, ko a tattara abin da ake da shi a tura shi Masar, Indiya, Turkiyya ko Yuganda. Mafi yawan masu yanke wannan hukunci ba su taɓa yini a cikin jami'ar gida ba. Sun dai wuce ta bakin ƙofa cikin zafin watan Afrilu, sun ga ɗalibai na rububin mota, suka ce nan ba wurin karatu ba ne. Ta wajen kuma a waya suka gan ta, cikin hoton da aka ɗauka don talla. Idon baƙo yana saurin ruɗuwa ta kowane ɓangare. Maganin wannan shi ne a ɗora jami'o'in biyu a kan ma'auni ɗaya: takardar da za a samu tana aiki a Najeriya ko ba ta yi, shekara nawa za a ɗauka, nawa za a kashe har ranar gamawa, kuma wa zai koyar da yaron da hannunsa.

Fara da ta gida, tunda ita ce kake iya takawa da ƙafarka

Zuwa da kai ya fi saƙo. Ka ware yini guda cur, ka tafi tare da yaron. Ka zaɓi Talata ko Laraba a tsakiyar zangon karatu, wajen mako na biyar zuwa na takwas. Lokacin rajista kowa na cikin layi da ɓacin rai, lokacin jarrabawa ba mai sauraronka, lokacin hutu kuwa gine-gine kawai za ka tarar. Ranar bikin yaye ɗalibai ma ba ta da amfani ga mai bincike, domin an share ko'ina an yi fenti.

Ka san inda kwas ɗin yake kafin ka fita. Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wadda aka kafa a 1975 da sunan Jami'ar Sakkwato aka sauya mata suna a 1988, ba a wuri ɗaya take ba. Mazauninta na dindindin yana wajen gari ta yankin Dundaye, an ƙetare fadama, kuma nan yawancin tsangayoyi suke. Likitancin dabbobi yana harabar cikin gari, likitancin mutane kuma yana asibitin koyarwa. Mai neman likitanci da ya je Dundaye kaɗai ya ga inda zai fara ne, bai ga inda zai shafe mafi yawan shekarunsa ba.

Ka ajiye motarka a gida. Ka je tashar Dandima da ƙarfe bakwai na safe, ka shiga motar da ɗalibai ke shiga, ka duba agogo daga lokacin da ka tsaya a layi zuwa lokacin da ka sauka. Ka rubuta kuɗin zuwa da dawowa, da na kabu-kabu idan yaro ya makara, ka ninka da kwana 22 a wata. Wannan lissafi shi zai gaya maka ko yaro zai riƙa zuwa daga gida, ko a nema masa gado a ɗakin kwanan ɗalibai, ko a kama masa ɗaki a ƙauyukan da ke kewaye. Hanyar nan ba ƙaramin abu ba ce a rayuwar jami'ar: ambaliyar 2010 ta yanke ta, karatu ya tsaya.

Idan ka isa, ka wuce ofishin sashen kai tsaye, ba ginin shugabanni ba. Ka yi sallama ga sakataren sashe, ka ce masa, "Malam, yarona ne ke son wannan kwas, na zo neman bayani." Abu uku za ka nema. Na farko, littafin jagorar ɗalibai na sashen, wanda ke ɗauke da kwasa-kwasan kowace shekara da sunayen malamai. Na biyu, matsayin kwas ɗin a tantancewar NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa: cikakke ne, na wucin gadi ne, ko an hana shi. Na uku, idan kwas ɗin na sana'a ne, amincewar hukumar sana'ar, wato MDCN ga likitanci, COREN ga injiniya, Majalisar Ilimin Shari'a ga lauya. Waɗannan hukumomi sukan ƙayyade yawan ɗaliban da makaranta za ta ɗauka. Inda aka ɗebi fiye da ƙa'ida, ɗalibai ne ke shan wahalar a ƙarshe, domin sai su gama su zauna jiran layin rantsuwar shiga sana'a ko na makarantar lauyoyi.

Daga nan ka tsaya gaban allon sanarwa. Jadawalin lakca yana nan, sunayen waɗanda suka faɗi kwas suna nan, wani lokaci har da ranar da aka liƙa sakamakon zangon da ya wuce. Ka nemi izini ka zauna a bayan aji biyu: ɗaya na 'yan shekarar farko, ɗaya na 'yan shekara ta uku. Kada ka yanke hukunci da na farkon. Kwasa-kwasan gama-gari na shekarar farko sukan tara ɗaruruwan ɗalibai daga sassa daban-daban a zaure guda, kuma nan ne baƙo ke karaya ya juya. Ajin shekara ta uku shi ne ainihin girman sashen. Can za ka ga ko malami ya san sunayen ɗalibansa, ko ana tambaya a amsa, ko kuwa shifta kawai ake yi daga tsohuwar takarda.

Ɗakin gwaje-gwaje yana buƙatar tambaya mai kaifi. "Kuna da na'ura kaza?" tambaya ce da kowa zai amsa da e. Ka samu ma'aikacin ɗakin ka ce, "Yaushe ɗalibai suka yi aiki da ita na ƙarshe, kuma mutum nawa ne a kan na'ura ɗaya?" Ɗalibi huɗu a kan madubin ƙara girma suna koyo. Ashirin a kansa kallo suke yi. Ka leƙa Ɗakin Karatu na Abdullahi Fodiyo, ka duba shekarar bugun littattafan fannin da yaro ke so, ka tambayi ko ɗalibi na iya shiga mujallun ilimi ta intanet da lambarsa, da ƙarfe nawa ake rufewa.

Sai ɗakin kwana. Ka je da azahar, lokacin da rana ta take, domin a nan Sakkwato zafin Maris zuwa Mayu yakan haura digiri 40. Ka ƙirga katifu a ɗaki, kada ka ƙirga gadaje. Ka buɗe famfo. Ka shiga bayi. Ka tambayi awa nawa ake samun wuta da dare da inda ake cajin waya. Idan 'ya mace ce, mahaifiyarta ko yayarta ta shiga ɓangaren mata ta gani da idonta, ta tambayi ƙarfe nawa ake rufe ƙofa da wanda ake kira idan yarinya ta kamu da ciwo cikin dare.

Kafin ka tafi, ka sayi shayi ko fura ka zauna da ɗalibai biyu ko uku 'yan shekarar ƙarshe, ba shugabannin ƙungiya ba. Ka ce, "Ƙanena, wace shekara ka shigo?" Amsar ita ce ainihin tsawon kwas ɗin. A takarda, digirin kimiyya ko na adabi shekara 4 ne, lauya da injiniya da noma 5, likitanci 6. Amma yajin aikin ASUU na 2020 ya ci kusan wata tara, na 2022 kuma ya ci wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Duk mai lissafin gaskiya ga jami'ar gwamnati ya ƙara shekara guda a kan abin da ke takarda. Idan ba a yi yajin ba, ribarsa ce.

Ta waje: abin da ba ka iya gani, ka bi shi ta takarda

Nan ne aka fi asarar dukiya, don haka nan za mu daɗe. Tambayar farko, kafin kuɗi, kafin biza: shin gwamnatin ƙasar da jami'ar take ta amince da ita, kuma Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya za ta tantance takardarta idan yaro ya dawo? Ba tare da wannan tantancewa ba, ba bautar ƙasa, ba aikin gwamnati. A Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin jamhuriyar Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya bankaɗo yadda ya samu digiri a Kwatano cikin mako shida. Hukuncin ya shafi har da waɗanda suka zauna a aji suka yi karatu da gaske. Saboda haka ka rubuta wa sashen tantancewa na ma'aikatar, ko ka aika wani amintacce a Abuja, da cikakken sunan jami'ar da na kwas ɗin. Kalmar dillali ba hujja ba ce, domin shi kamasho yake karɓa a kan kowane ɗalibi.

Ka lura da wani tarko: jami'a mai rajista a wata ƙasa amma tana koyarwa a wata, ko kwalejin da ke cewa tana ƙarƙashin wata babbar jami'a. Ka tambayi sunan da zai fito a kan takardar shaidar, ka shiga shafin intanet na babbar jami'ar ka ga ko ta lissafa kwalejin. Arewacin Sayifurus kuma Turkiyya ce kaɗai ta amince da shi a matsayin ƙasa, kuma hukumar kula da 'yan Najeriya mazauna ƙetare ta gargaɗi iyaye a kansa a 2020.

Kwasa-kwasan sana'a suna da ƙarin mataki idan an dawo, kuma iyaye da dama sai a lokacin suke ji. Wanda ya karanta likitanci a waje sai ya ci jarrabawar MDCN kafin a ba shi lasisin fara aikin horo na shekara guda a asibiti. Wanda ya karanta lauya sai ya yi kashi na farko na makarantar lauyoyi, inda ake koya masa dokokin Najeriya, kafin ya haɗu da 'yan gida a kashi na biyu. Masu haɗa magunguna da ma'aikatan jinya ma kowa da tasa hukumar. Abin da ke kayar da yaran likitanci a jarrabawar nan sananne ne: sun yi karatu a ƙasar da majinyata ba sa jin Turanci, su kuma ba su iya harshen ƙasar ba, don haka shekarun asibiti sun wuce suna tsaye a bayan malami. Ɗalibin asibitin koyarwa na Sakkwato yana tambayar majinyaci da Hausa, yana ganin zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau da tamowa da ciwon sikila da matsalar haihuwa kowane mako, kuma su ne zai yi aiki a kansu. Wannan fifiko ne na gaske, ko da ginin waje ya fi kyau. Idan har za a tura yaro likitanci waje, a tambaya a wane asibiti ake horon, gado nawa ne a cikinsa, da wane harshe ake magana da marasa lafiya.

Maimakon ziyara, ka samu ɗalibai biyu 'yan Najeriya da ke can, waɗanda ba dillalin ne ya haɗa ka da su ba. Ka roƙi ɗaya ya kira ka ta bidiyo a WhatsApp ranar karatu, ya zaga da kai aji, ɗakin gwaji, ɗakin kwana da kicin. Ka yi musu tambayoyin da ka yi a Dundaye, kalma da kalma. Ka ƙara da ɗaya: a ajinku ɗalibai 'yan ƙasar nawa ne? Jami'ar da 'yan ƙasa ba sa kai 'ya'yansu, sai baƙi zalla, akwai dalili.

Lissafin kuɗi

Kuskuren da aka fi yi shi ne a tara kuɗin shekarar farko a ce sauran Allah zai kawo. Allah shi ke kawowa, amma kuɗin makarantar da dala ake biya, kai kuma da naira kake samu. Ɗauki misali makarantar da ke karɓar dala 4,000 a shekara. A farkon 2023, a farashin gwamnati na kusan naira 460, kuɗin ya kama naira miliyan 1.84. Bayan gwamnati ta saki farashin naira ga kasuwa a Yunin 2023, dala ta haura naira 1,500 a farkon 2024, kuɗin ya koma miliyan 6, alhali makarantar ba ta ƙara ko sisi ba. Yara da yawa a nan karatunsu ya tsinke, kuma makarantar da take bin ka bashi ba ta sakin sakamako, ba ta sabunta takardar zama.

Ka rubuta komai da kuɗin ƙasar: kuɗin makaranta na dukkan shekaru, haya, abinci, inshorar lafiya, sabunta izinin zama duk shekara, tikitin jirgi, kayan sanyi, da shekarar koyon harshe idan akwai. Ka juya zuwa naira a farashin yau, ka ƙara rabin jimillar a kai saboda faɗuwar naira. Idan abin da ya fito ba za ka iya biyansa ba sai ka sayar da gonar fadama ko gidan da iyali ke ciki, a ganinmu kada a fara. Kada kuma a dogara da cewa yaro zai yi aiki ya biya. Bizar ɗalibi a Ingila awa 20 a mako ta yarda da shi lokacin karatu, wanda da ƙyar yake ɗaukar haya da abinci, wasu ƙasashen kuma sun hana aikin gaba ɗaya.

A gida lissafin ya fi sauƙi, kuma tun 2024 akwai bashin karatu na NELFUND ga ɗaliban makarantun gwamnati: ba ruwa a kansa, yana biyan kuɗin makaranta, yana ba da naira 20,000 a wata, ana fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa.

Tallafin karatu yana sauya hoton, amma a karanta takardar da kyau. Cikakken tallafi shi ne mai ɗauke da kuɗin makaranta, masauki, alawus da tikiti, kamar na gwamnatin Turkiyya, wanda ke farawa da shekara guda ta koyon Turkanci, ko na Jami'ar Musulunci ta Madina. Chevening na Ingila na digiri na biyu ne, yana neman shekara biyu na aiki, kuma sharaɗinsa a dawo gida. Rangwamen kashi 50 da dillalai ke kira tallafi ragi ne kawai a kan farashi. Idan gwamnatin jiha ko ta tarayya ce za ta ɗauki nauyi, a tanadi kuɗin wata shida a gefe, domin alawus yakan makara, mai gidan haya kuma ba ya jira.

Abin da yaron zai tarar a can

Salon karatun ya bambanta. Yaron da ya saba malami ya ba shi takarda ya haddace zai tarar, musamman a Turai, lakca kaɗan ce a mako, sauran lokacin nasa ne, kuma maki yana fitowa daga rubutun da ya yi da kansa. Ana saka rubutun a manhaja irin Turnitin mai gano kwafe, kwafar aikin wani kuwa tana iya jawo kora. Wanda bai iya tsara lokacinsa ba tare da an tsaya a kansa ba, a can yake lalacewa, ba wanda zai lura sai sakamako ya fito. Ga kaɗaici. A Ingila rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu a Disamba, azumin bazara kuma yakan kai awa 18. Ɗan shekara 17 da bai taɓa kwana a wajen Sakkwato ba, bai taɓa dafa wa kansa shinkafa ba, wannan nauyi ne babba a kansa. Ka tambayi nisan masallacin Juma'a, inda ake sayen naman halal, da ko akwai ƙungiyar ɗaliban Najeriya mai rai.

Sai abin da ba a fata. Yaƙin Yukren ya ɓarke a Fabrairun 2022, na Sudan a 15 ga Afrilun 2023, aka kwaso ɗalibanmu, da yawa daga Arewa, wasu suna shekarar ƙarshe. Waɗanda suka fi saurin samun gurbi a wata makaranta su ne masu riƙe da sakamakonsu a hannu. Don haka yaro ya karɓi sakamako mai hatimi a ƙarshen kowace shekara, ya ɗauki hotonsa ya aiko gida, tare da takardar shiga makaranta da rasit na kowane biya. Ya yi rajista da ofishin jakadancin Najeriya da zarar ya sauka. Tsohon fasfo ma kada a yar, domin hukumar bautar ƙasa ta NYSC tana duba hatimin shiga da fita don ta tabbatar ya zauna a ƙasar.

Idan an yanke tafiya, gyaran takardu ya fara da wuri. A daidaita suna da ranar haihuwa a WAEC ko NECO, NIN da fasfo. Usman a nan, Usmanu a can, Muhammad a wata takarda, Mohammed a wata, ya isa ya tsayar da biza ko tantancewa. Ƙasashe da yawa suna so a buga wa takardun hatimi a Ma'aikatar Ilimi, sannan Ma'aikatar Harkokin Waje, sannan ofishin jakadancinsu, duk a Abuja, don haka a saka kuɗin tafiya da masauki a lissafi. Sakamakon jarrabawar Turanci ta IELTS shekara biyu yake aiki, kada a yi shi da wuri fiye da kima. Kuɗin makaranta kuma a tura shi asusun jami'ar, wanda ke rubuce a takardarta, ba asusun dillali ba.

Shawararmu ga yawancin gidaje ita ce a yi digiri na farko a gida, musamman likitanci da lauya, a matsa wa yaro ya fita da sakamako mai kyau. A ma'aunin maki 5, daraja ta ɗaya tana farawa daga 4.50, babbar daraja ta biyu daga 3.50, kuma wannan ta biyun ita ce mafi ƙarancin abin da yawancin masu ba da tallafin digiri na biyu ke nema. A lokacin yaro ya kai shekara 23 ko 24, ya san abin da yake so, digiri na biyu a Ingila shekara guda ne, kuma a wannan mataki ne na'urori da ɗakunan bincike na waje suke yin bambancin da ya cancanci tafiyar. Wanda ya samu cikakken tallafi tun digiri na farko, a jami'ar da aka tabbatar da ita, ko wanda fannin da yake so babu shi a nan, ya tafi da albarkar iyaye. Ko shi ma ya rubuta JAMB ya karɓi gurbinsa na gida, ya riƙe shi har ranar da biza ta fito.